Malfa da Jan Rawani: Yadda 'Yan Taru Suka Reni Shugabanni a Karkarar Sakkwato

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya san labarin tutoci. Ya san Shehu ya ba Modibbo Adama tuta ya nufi Fombina, ya ba Yakubu ta Bauchi, Buba Yero ta Gombe, Ummarun Dallaje ta Katsina, Malam Musa kuma ta Zazzau. Tuta alama ce ta izini. Wanda aka danƙa wa ita ya zama wakili, maganarsa ta zama maganar wanda ya aike shi. Abin da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne, bayan shekara talatin da 'yan kai da rabon waɗannan tutoci, an sake raba wata alamar izini a cikin zuriyar Shehu. A wannan karon 'yarsa Nana Asma'u ce mai rabon, masu karɓa dattijan matan ƙauye ne, alamar kuwa malfa ce da jan rawani.

Macen da aka ɗora wa malfar nan ana kiranta jaji, ayarin ɗaliban da take jagoranta kuma su ne 'Yan Taru. A wannan maƙala ina so in bi tarihin wannan tsari, in nuna cewa abin da ya ba shi ƙarko shi ne bai tsaya ga koyar da karatu kaɗai ba, ya miƙa wa ɗaliba iko. Ya ɗauki macen da ba ta gaji sarauta ba, ba ta tara dukiya ba, ya mayar da ita wadda ƙauye guda ke saurare. Tambayar da Asma'u ta amsa har yau tana gabanmu: ta yaya ilimi zai isa ga wanda ba shi da halin barin gida ya neme shi, kuma wa zai riƙe shi ranar da malamin ya kau?

Gidan Karatu, Ƙasar Yaƙi

An haifi Nana Asma'u a Degel a shekarar 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Ta buɗe ido a gidan da karatun mace ba baƙon abu ba ne a cikinsa. Yayarta Khadija malama ce, haka ma da dama daga cikin matan Shehu da 'ya'yansa. Sai dai wannan matsayi bai tabbata ba sai da aka yi jayayya. Tun Shehu na yawon wa'azi, kafin a haifi Asma'u, wani malami mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da waƙa yana neman ya hana mata halartar majalisinsa, don gudun cuɗanya da maza. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya mayar da amsa, kamar yadda Abdullahin ya kawo a cikin Tazyinul Waraƙat. Amsar ta tsaya ne a kan cewa barin mata cikin jahiltar addininsu ya fi abin da ake gudun muni. A cikin Nurul Albab kuma Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara almajirai safe da yamma don neman suna, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwala da salla ba.

Asma'u na da shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. Daga nan sai yaƙi. Jama'ar Shehu sun yi nasara a Tabkin Kwatto a wannan shekara, amma kafin shekarar ta fita an yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda suka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Yunwa da cuta suka biyo baya. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, a 1809 kuma Muhammadu Bello ya aza harsashin birnin Sakkwato.

A nan masu ba da labari kan ja numfashi, kamar an kai ƙarshe. Ga mazauna ƙasar kuwa, a nan wahalar ta sake kama. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu. Ya bar kamammu da aka raba su da garuruwansu aka zaunar da su a gidajen da ba su sani ba. Bello, wanda ya gaji mahaifinsa a 1817, ya yi ta kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno don tsare iyaka, aka cika su da mutanen da asalinsu da harshensu da al'adunsu suka sha bamban. Macen da ta fito daga Gobir ko Zamfara ko Kabi, idan ɗanta ya kwanta ciwo, ko haihuwa ta ƙi, ko baƙin ciki ya danne ta, wurin da ta sani shi ne wurin masu bori. A can take samun magani, a can take samun 'yan'uwa mata da za su saurare ta. Malaman sabuwar daula sun yi rubuce-rubuce masu yawa, amma mafi yawansu da Larabci ne da Fulatanci, a hannun maza suke, a cikin birni. Matar ƙauye Hausa take ji, kuma babu wanda ya zo ya zauna da ita. An ci ƙasa da takobi, amma tsakar gida tana nan yadda take.

Malamar da Ta Ga Giɓin

Babu wanda ya fi Asma'u dacewa da ganin wannan giɓi. A 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ke nan ita 'yar Shehu ce, 'yar'uwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci. Bayan rasuwar Shehu ta yi aikin tattara rubuce-rubucensa da adana su. A 1820, tana da shekara 27, ta rubuta Tanbihul Gafilin. Ayyukanta da suka iso gare mu sun haura 60.

Mai irin wannan matsayi tana iya zama a ɗakinta ta karantar da matan fada da 'ya'yan malamai, kuma da ta yi haka babu mai zarginta. Ta yi hakan, amma ba ta tsaya nan ba. Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta soma shimfiɗa tsarin da zai kai karatu ƙauyuka, kuma ta gina shi ne a kan matsalolin da ke gabanta, ɗaya bayan ɗaya. Matan aure masu ƙananan shekaru suna ɗaure da reno da daka da girki, ba su da halin tafiya. Hanyoyi ba su da cikakken aminci, domin Gobirawan da suka koma Tsibiri da Katsinawan Maraɗi ba su daina kai hari ba, ko bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Takarda tana da tsada, daga ƙetaren Sahara fatake ke kawo ta. Yawancin waɗanda ake so a karantar ba su iya karatun rubutu ba. Ita kanta malamar, a matsayinta, ba za ta iya bin ƙauyuka gida gida ba.

Wani da ya lissafa waɗannan sai ya ce abin ba zai yiwu ba. Asma'u ta dubi jama'ar ta tambayi kanta su wane ne al'ada ta riga ta sake wa mara. Amsar ita ce tsofaffin matan da suka gama haihuwa, da 'yan matan da ba su kai aure ba. Waɗannan rukuni biyu suna fita, suna zuwa kasuwa, suna shiga kowane gida ba tare da an ɗaga gira ba. Da su ta kafa makarantarta.

Jaji

Kalmar jaji daga bakin fatake ta fito. A ayarin fatauci, jaji shi ne na gaba, wanda ya san hanya, ya san zango, ya san inda ruwa yake. Asma'u ta ɗauki wannan suna na maza ta ba mace. Daga kowane yanki akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mutanenta suka yarda da ita, sai a naɗa ta, a ɗora mata malfa, a naɗe malfar da jan rawani. Da ɗan gari akan ci gari. Ba a aiko wa ƙauye baƙuwa daga birni ba, tasu aka ɗaukaka.

Zaɓen malfa ma ba a banza aka yi shi ba. A tsohuwar masarautar Gobir akwai sarautar Inna, 'yar gidan sarauta wadda ke shugabantar mata da masu bori, kuma malfa tana cikin kayan da aka san ta da su. Duk macen da ta taso a wannan ƙasa ta san abin da ake nufi idan mace ta fito da malfa a ka: mai iko ce ta fito. Asma'u ba ta haramta alamar ba, ba ta ƙirƙiro wata baƙuwa ba. Ta bar alamar a inda ido ya saba ganinta, ta sauya abin da take nuni da shi. A da malfa na kan mace ɗaya a fada, wadda ta gaje ta ta hanyar jini. Yanzu ta bazu a kan mata da yawa a ƙauyuka, waɗanda suka same ta ta hanyar hali da karatu. A ganina wannan shi ne mataki mafi zurfi a duk aikin Asma'u, domin ya sauya amsar tambayar da kowace al'umma ke yi wa kanta: wa ya cancanci a bi?

Aikin jaji shi ne ta tara ayarinta, tsofaffi da 'yan mata, ta kama hanya da su a ƙafa zuwa wurin Asma'u. Sukan zo da abin da ƙauye ke da shi na sadaka, kamar hatsi da zuma da man shanu da sawaye, har da na matan da ba su samu zuwa ba. Asma'u ba ta tara waɗannan kaya don kanta, raba su take yi ga mabuƙata da naƙasassu. Takan karɓi baƙin a ɗakinta, ta saurari tambayoyin da suka ɗauko, ta warware musu, ta koya musu sabon karatu, ta sa wa 'yan matan albarka. Daga nan ayari ya juya. Abin da jaji ta ɗauko shi za ta bi gida gida tana sauke wa matan da ke cikin kulle. 'Yan matan da suka raka ta kuwa, gobe su ne matan aure, su ne iyaye, jibi kuma daga cikinsu za a fitar da wata jajin. Ayari ɗaya ya haɗa wadda ta gama rayuwar aure da wadda ba ta fara ba, ilimin ya ratsa ta tsakiya ya iske wadda ke ciki.

Waƙa a Madadin Littafi

Makarantar da ba ta da allo ga kowa, ba ta da takarda, dole ta nemi ma'ajiyar da ba ta jiƙewa, ba ta ƙonewa, ɓarawo ba ya ƙwace ta a hanya. Asma'u ta zaɓi waƙa. Matan Hausa da ma da waƙa suke daka, da ita suke niƙa, da ita suke lallashin yaro. Sai ta zuba darasi a cikin mazubin da suka saba da shi. Tana rubutawa da ajami, jaji ta haddace, ta rera, masu saurare su ɗauka.

Idan aka jera waƙoƙinta na Hausa, sai a ga manhaja ce cikakkiya. Akwai wadda ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baiti 30 kacal. Ta fara yin ta da Fulatanci, ta mayar da ita Hausa, daga baya kuma Larabci, wanda ke nuna cewa ta san kowane rukuni na ɗalibanta da harshen da zai shige shi. Akwai Godaben Gaskiya, mai bayanin farillai da halayen da ake so da waɗanda ake ƙi. Akwai Begore, mai ba da tarihin Annabi (SAW). Akwai Sharuɗɗan Ƙiyama, akwai Roƙon Ruwa na lokacin fari. A fannin lafiya ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan neman waraka ta hanyar ayoyi da addu'o'i. Wannan ya nuna ta fahimci cewa ba a raba mutum da wurin da yake samun sauƙi sai an nuna masa wani.

Waƙoƙi biyu sun fi jan hankalina idan ana batun renon shugabanni. Ta farko ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Asalinta wani littafi ne da Bello ya rubuta da Larabci a kan salihan mata, ya nemi 'yar'uwarsa ta mayar da shi waƙa. Asma'u ta kawo matan Annabi da 'ya'yansa, ta kawo waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sannan ta ci gaba da jerin har ya iso gida. Ta ambaci matan zamaninta, irin su Habiba da 'Yar Hindu da Amina Lubel, waɗanda aka sani da karantarwa da sulhu da taimakon jama'a. A duba abin da wannan zai yi a zuciyar yarinyar ƙauye. Ta ji an fara da Nana Khadija da Nana A'isha, an bi ta Basra, an ƙare da matar da kakarta ta taɓa gani da ido. An gaya mata ke nan cewa layin bai rufe ba, akwai wuri a ƙarshensa.

Ta biyu ita ce Tabbat Haƙiƙa, waƙar Shehu ta Fulatanci wadda Asma'u ta mayar Hausa, ƙaninta Isa kuma ya yi mata tahamisi. Waƙa ce ta gargaɗi, kuma kaso mai yawa na gargaɗin masu mulki ya fuskanta: mai cin dukiyar talaka, mai ƙwace, alƙalin da ke karkata hukunci. Muddin waƙar tana cikin Fulatanci, masu jin ta kaɗan ne, kuma da yawansu su ne masu riƙe da mulkin. Da ta shiga Hausa sai ta zama ta kowa. Talakan da ya haddace ta ya sami ma'aunin da zai auna hakiminsa da shi, ma'aunin kuma daga bakin Shehu ya fito, babu mai iya cewa tawaye ne. 'Yar gidan mulki ce ta miƙa wa waɗanda ake mulka wannan ma'auni.

Abin da Malfa Ke Ɗauke da Shi

Jaji ba ta ajiye aikinta idan ta gama rera waƙa. A ƙauyenta ita ake nema idan mata sun saɓa, ita ke ba amarya shawara, ita ke koya wa mata yadda ake wankan gawar mace da suturta ta, ita ke tattara taimako ga mara lafiya da tsohuwar da ba ta da kowa. Wannan ne ya bambanta tsarin da wa'azin da ake yi a watse. Mai wa'azi yakan zo ya faɗa ya wuce. Jaji tana nan, gobe za a gan ta a bakin rijiya, kuma za a auna maganarta da halinta.

Asma'u ta ɗauki waɗannan mata da muhimmancin da ya kai ta rubuta su a tarihi. Ta yi marsiyya ga manyan daula, ciki har da Bello da mijinta Giɗaɗo. Da alƙalamin nan dai ta yi marsiyya ga wata jaji mai suna Hauwa'u, ta yaba da yadda ta yi shekaru tana kai da kawo da ayarin mata. A al'adar rubutu ta wancan zamani, marsiyya gata ce ta sarakuna da shehunnai. Sanya matar ƙauye a wannan sahu shaida ce cewa a wurin Asma'u jaji abokiyar aiki ce. Ba mamaki da jama'a suka riƙa kiran Asma'u da Uwar Gari.

Ɗaya Gefen Labarin

Wanda ke son Asma'u da gaskiya bai kamata ya ɓoye wannan gefe ba. 'Yan Taru sun taso ne a cikin daular da aka kafa da yaƙi, kuma sun yi wa wannan daula aiki. Daga cikin matan da aka je karantarwa akwai waɗanda mazajensu suka mutu a ɗaya ɓangaren fagen fama, akwai waɗanda aka kamo aka bautar. Ba su aka tambaya ba kafin a tsara abin da za a koya musu. Matan da ke da matsayi a tsarin bori sun ga ana janye musu jama'a, ana amfani da alamarsu wajen rushe abin da suka gada. Mai nazari yana da hujja idan ya ce wannan hanya ce ta sa waɗanda aka ci da yaƙi su karɓi sabon mulki.

Na yarda da wannan hujja, amma ina ganin ba ta ƙare maganar ba. Ilimi yana da wata ɗabi'a: wanda ya ba da shi ba ya iya iyakance inda zai tsaya. Macen da aka koya wa cewa tana da haƙƙin neman sani, aka koya mata cewa azzalumin sarki zai tsaya gaban hisabi, aka ba ta hanyar da za ta kai kukanta har gidan Waziri ta bakin jajinta, ba ita ce macen jiya ba. Daular ta so ta sami mabiya masu biyayya, kuma ta samu. Tare da su ta sami mata masu tambaya, masu jagoranci, waɗanda ba da albashinta suke rayuwa ba. Abin da ya biyo baya shi ya nuna wanne daga cikin biyun ya fi nisan kwana.

Bayan Asma'u

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, a Sakkwato. Ta ga zamanin Shehu, da na Bello, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu Atiku. Jarrabawar kowane tsari ita ce ranar da mai shi ya tafi, kuma 'Yan Taru sun ci wannan jarrabawa. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar, ta ci gaba da karɓar ayari a Wurno. Bayan Maryam sai Ta Modi, ita ma 'yar gidan.

A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, a watan Yuli kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Masarautun da tutoci suka kafa suka koma ƙarƙashin Turawa, naɗin sarki da tuɓe shi ya koma hannun Gwamna. Ayarin mata kuwa bai tsaya ba. Ba shi da baitulmalin da za a ƙwace, ba shi da ginin da za a rufe, ba shi da muƙamin da Razdan zai naɗa ko ya tuɓe. Abin da ya sa ya zama kamar ba kome ba a idon mai mulki shi ne ya tsare shi.

Lokacin da Jean Boyd, wata malamar makaranta 'yar Ingila da ta daɗe a Sakkwato, ta shiga binciken rayuwar Asma'u, Waziri Junaidu, wanda jikan Giɗaɗo da Asma'u ne ta wajen zuriya, ya buɗe mata taskar rubuce-rubucen gidansu. Ba takardu kaɗai ta tarar ba. Ta iske jajoji da ransu a ƙauyuka, suna riƙe da waƙoƙin a ka, suna kai ziyara kamar yadda iyayensu suka yi. Ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Daga baya wasu Musulmi mata a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiyar karatu da taimakon jama'a, suka sa mata suna 'Yan Taru.

Kammalawa

A yau sunan Nana Asma'u yana jikin makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a sassa da dama na Arewa. Wannan karramawa ce da ta cancanta. Sai dai ina ganin mun riƙe sunan mun saki dabarar. Idan muka tashi yaƙi da jahilci, abin da muka fi sani shi ne gini da allon sanarwa da baƙon malami da za a turo daga birni, wanda zai tafi ranar da kuɗin shirin suka ƙare. Muna ƙirga nasara da yawan waɗanda suka zauna a aji. Asma'u ta ƙirga tata da yawan waɗanda za su iya tsayawa a madadinta.

Tarihin 'Yan Taru ya nuna cewa ƙauyen da ake kira na jahilai yana da mutanen da jama'a suka riga suka yarda da su, yana da harshen da yake tunani da shi, yana da alamun girma da yake ganewa. Mai son kawo gyara yana iya tsallake waɗannan ya kafa nasa, abin ya rayu iyakar rayuwarsa. Yana kuma iya yin abin da ya fi wuya, wato ya nemo dattijuwar da ake jin maganarta, ya karantar da ita, sannan ya yarda ya sakar mata iko. Mu da muka fito daga jami'a da takardar shaida a hannu, wannan na biyun ne ya fi yi mana nauyi, domin an horar da mu mu zama masu bayani, ba a horar da mu mu ɗora wa wani malfa mu koma gefe ba. Har yanzu akwai 'yan mata a ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Kabi da ba su taɓa shiga aji ba, kuma a kowane ɗaya daga cikin ƙauyukan nan akwai tsohuwar da in ta yi magana ake yin shiru. Asma'u da ita ta fara.